Doki da linzami: yadda aka gano inda ƙwaƙwalwa ke riƙe da matsin jini

A shekarar 1871, a ɗakin gwaje-gwajen Carl Ludwig da ke birnin Leipzig na ƙasar Jamus, wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Filipp Owsjannikow ya duƙufa kan wani aiki mai buƙatar haƙuri da tsayayyen hannu. Yakan ɗauki zomo, ya haɗa babbar hanyar jininsa da na'urar da ke zana matsin jini a kan takarda, ana hura wa dabbar iska a huhu don kada numfashi ya yanke. Daga nan sai ya shiga datse ƙwaƙwalwarta daga sama zuwa ƙasa, kowane yanka ƙasa kaɗan da wanda ya gabace shi. Ya raba manyan ɓangarorin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, amma layin da alƙalami ke zanawa bai sauka ba. Sai da wuƙa ta shiga tushen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke haɗa ta da lakar gadon baya, sannan layin ya soma gangarowa. Cikin tazarar 'yan milimita kaɗan matsin jini ya faɗi warwas, ya kai inda yakan kai in an datse lakar wuya gaba ɗaya. A 1873 wani almajirin Ludwig mai suna Dittmar ya maimaita gwajin da kayan aiki mafi kyau, ya ƙara taƙaita wurin, ya kuma nuna cewa biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Wurin da wuƙarsu ta nuna yana cikin sashen da masana ke kira medula, wanda a jikin mutum tsawonsa bai wuce kusan santimita 3 ba, daidai saitin ƙeya. Darasin gwajin shi ne matsin jini ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Akwai wasu ƙwayoyin jijiya a can da ke aika umarni dare da rana ga hanyoyin jini cewa su riƙa tsukewa, kuma da zarar umarnin ya yanke sai hanyoyin su saki, jini ya rasa ƙarfin hawa zuwa kai. To amma wuƙa iyakarta ta nuna unguwa, ba ta nuna gida. Sai da aka shafe shekara ɗari kafin a san waɗanne ƙwayoyi ne, wa ke ba su labari, da kuma wane sinadari suke magana da shi.

Daga goɗiyar Hales zuwa kunnen zomo

Hausa na kiran abu biyu da suna ɗaya: jijiyar da ke ɗauke da jini, da jijiyar da ke ɗauke da saƙo kamar wayar lantarki. Don gudun ruɗani, a nan za a kira ta farko hanyar jini, ta biyu kuma jijiya. Tarihin nan gaba ɗaya labari ne na yadda aka gane cewa ta biyun ce ke juya ta farkon.

William Harvey, likita a Ingila, shi ya tabbatar a 1628 cewa jini zagayawa yake yi, kuma zuciya ce ke tura shi. Ƙarfin turin kuwa ba a auna shi ba sai bayan kusan ƙarni guda. Wani limamin coci a garin Teddington, Stephen Hales, ya ɗaure goɗiya, ya buɗe hanyar jini a cinyarta, ya haɗa ta da bututun gilashi mai tsawon ƙafa 9 da aka tsayar a miƙe. Jini ya hau har ƙafa 8 da inci 3, yana ɗan tashi yana ɗan sauka da kowane bugun zuciya. Hales ya wallafa wannan a 1733. A 1847 Ludwig ya ƙera na'urar da ta sa ake iya bin matsin jini lokaci bayan lokaci: jini na tura zaiba a cikin bututu, zaiba na ɗaga alƙalami, alƙalami na zana layi a takardar da aka naɗe a jikin ganga mai juyawa. Da wannan na'urar Owsjannikow ya yi aikinsa.

A tsakanin nan an riga an ga alamun cewa jijiyoyi na da hannu a lamarin. A 1845 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Ernst da Eduard Weber, sun sa lantarki a jijiya ta goma cikin waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ake kira bagus, ma'ana mai yawo, saboda yadda take ratsa wuya da ƙirji da ciki. Zuciya ta rage gudu, har ma ta tsaya. Abin ya ba da mamaki, domin a lokacin an ɗauka aikin jijiya shi ne ta motsa gaɓa, ba a zaci akwai mai tsayarwa ba. A 1851 kuma Claude Bernard na Faransa ya yanke wata siririyar jijiya a wuyan zomo, sai kunnen da ke wannan ɓangaren ya yi ja, ya ɗauki zafi, saboda hanyoyin jininsa sun buɗe. Shekarar da ta biyo Brown-Séquard ya sa wa guntun jijiyar lantarki, hanyoyin suka tsuke, kunnen ya koɗe. Waɗannan su ne jijiyoyin da ake kira simfatetik, masu zaburar da zuciya da tsuke hanyoyin jini. Tambayar da ta rage ita ce daga ina suke samun umarni, kuma ita ce Owsjannikow da Dittmar suka amsa.

Manzanni daga wuya

Mai ba da umarni yana buƙatar mai kawo masa labari. A 1866 Ludwig da wani almajirinsa, Elie Cyon, sun gano wata jijiya a wuyan zomo wadda in aka motsa ɓangarenta mai zuwa ƙwaƙwalwa, matsin jini yakan sauka, zuciya ta rage gudu. Sun ɗauka daga zuciya take tasowa. Sai a farkon ƙarni na 20 aka nuna cewa tushenta yana bangon babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, daidai inda take lanƙwasawa.

A wannan shekarar ta 1866 wani masani, Johann Czermak, ya lura cewa in ya danna wani wuri a wuyansa bugun zuciyarsa yakan ragu. Ya ce jijiyar bagus yake dannawa, kuma duniyar likitanci ta karɓi wannan bayani fiye da shekara 50. Heinrich Hering na birnin Cologne ne ya ƙi gamsuwa, domin ya ga dannawa mai sauƙi ƙwarai ma tana haifar da hakan, alhali in aka matse ita bagus ɗin kai tsaye a jikin dabba ba a samun irin wannan sakamako. A gwaje-gwajen da ya yi a 1923 da 1924 ya nuna cewa sirrin yana wani ɗan kumburi da ke jikin hanyar jinin wuya, wadda ake kira karotid, daidai inda take rabuwa biyu. Bangon wurin cike yake da bakunan jijiya masu jin miƙewa. In matsin jini ya hau, bangon ya miƙe, sai su aika saƙo sama ta cikin jijiya ta tara. Yatsan Czermak yaudarar su ya yi, suka kai rahoton cewa jini ya hau alhali bai hau ba.

A birnin Madrid, Fernando de Castro, almajirin Ramón y Cajal, ya zana tsarin waɗannan jijiyoyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma tsakanin 1926 da 1928, ya kuma bambanta su da wata 'yar ƙwaya da ke kusa, wadda ya ce aikinta ɗanɗana sinadaran jini ne. A Ghent ta ƙasar Beljiyam, Corneille Heymans ya tabbatar da aikin duka biyun ta hanyar haɗa karnuka biyu: jinin ɗaya yana ratsa karotid ɗin na biyu, wanda ba abin da ya haɗa wurin da sauran jikinsa sai jijiya. In aka ɗaga matsin jinin kare na farko, sai na kare na biyu ya sauka. An ba Heymans lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1938. A 1932 kuma Bronk da Stella a Amurka sun naɗi saƙon zare guda na jijiyar, suka ga yana tartsatsi da kowane bugun zuciya, yana ƙaruwa in matsi ya ƙaru.

Harshen da jijiyoyi ke yi

An daɗe ana gardama kan ko jijiya da lantarki take taɓa gaɓar da take sarrafawa, ko kuwa wani sinadari take zubawa. Otto Loewi na birnin Graz a ƙasar Ostiriya ya raba gardamar a 1921 da zukatan kwaɗi biyu. Ya motsa bagus ɗin zuciya ta farko har ta rage gudu, ya kwashe ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma sai ta rage gudu. Sinadarin da ke cikin ruwan shi ne asetilkolin, wanda Henry Dale ya riga ya yi nazarinsa a Landan, kuma su biyun suka raba Nobel ta 1936. A 1946 Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya nuna cewa sinadarin da jijiyoyin simfatetik ke zubawa a bangon hanyoyin jini shi ne noradirenalin.

Wannan ilmi bai riski marasa lafiya da wuri ba. Likitoci da yawa a wancan zamani na ganin hawan jini dabara ce ta jiki don tura jini ta hanyoyin da suka tsufa, don haka sauke shi haɗari ne. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilu 1945 yana da shekara 63, sakamakon fashewar hanyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma awon da aka yi masa a ranar ya nuna 300 bisa 190. Babu ƙwayar magani mai inganci da za a ba shi. Abin da ake da shi ga masu tsananin ciwon shi ne tiyata: likitoci irin su Reginald Smithwick na birnin Boston sukan buɗe bayan majiyyaci su yanke jijiyoyin simfatetik da ke gefen ƙashin baya. Jini yakan sauka, wasu kuma sun sami ƙarin shekaru, amma da yawa in sun miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe su, wasu har su suma. An katse hanyar da umarni ke bi, jiki ya rasa yadda zai gyara matsi in buƙata ta taso.

Ɗigon sinadari ya yi abin da wuƙa ta kasa

Cikin medula kanta kuwa, bincike ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Masu gwaji sukan soka siririn ƙarfe su saki lantarki, su ga ko jini zai hau ko zai sauka. Matsalar ita ce lantarki ba ya bambanta mazaunin wuri da mai wucewa: yana motsa ƙwayoyin da ke wurin, yana kuma motsa zaren jijiyoyin da suka ratsa ta wurin daga wani waje. Taswirar da Alexander ya fitar a 1946 daga gwaji kan kyanwoyi ta nuna faffaɗan yanki mai ɗaga jini da wani mai sauke shi, kuma littattafai suka riƙe ta shekaru da dama. Ga shi kuma yawancin masu gwaji ta bayan medula suke shiga, domin nan ne ya fi sauƙin kaiwa.

A farkon shekarun 1970, a cibiyar binciken lafiya ta Mill Hill da ke Landan, Wilhelm Feldberg, wanda ya baro Jamus a 1933 bayan hawan 'yan Nazi, yana aiki da wani matashi ɗan ƙasar Birazil, Pedro Guertzenstein. Su ta ƙasan medula suka bi, kuma maimakon lantarki sai suka riƙa ɗiga sinadarai a fuskarta. A 1974 Guertzenstein da Ann Silver sun sa gilaisin, sinadarin da ke sa ƙwayar jijiya yin shiru ba tare da ya taɓa zaren da ke wucewa ba, a wasu 'yan wurare biyu, dama da hagu. Matsin jinin kyanwar ya faɗi kamar an datse laka. An dawo inda Dittmar ya nuna shekara ɗari baya, amma wannan karon an san ƙwayoyin da ke zaune a wurin ne ke aikin. A wannan shekarar kuma Tomas Hökfelt da abokan aikinsa a Suwidin sun gano tarin ƙwayoyi masu iya haɗa adirenalin a wannan yanki, suka sa musu suna C1.

A birnin New York, Nobutaka Doba da Donald Reis sun kama ɗaya bakin zaren. A 1973 sun lalata wurin da saƙonnin wuya da ƙirji ke sauka a medular ɓeraye, wanda masana ke taƙaita sunansa da NTS. Da maganin barci ya sake su, jinin ɓerayen ya yi mummunan hawa, huhunsu ya cika da ruwa, suka mutu cikin 'yan awoyi. A 1980 Talman da Perrone da Reis sun kawo hujjar cewa gulutamet ne sinadarin da manzannin ke isar da saƙonsu da shi. A shekarun 1980, ayyukan Reis, da na Roger Dampney da William Blessing a Ostireliya, da na Patrice Guyenet a Amurka, sun cike giɓin da ke tsakanin wuraren biyu.

Tsarin da ya bayyana ya yi kama da na doki da linzami. Ƙwayoyin da Guertzenstein ya rufe wa baki, waɗanda ake kira RVLM, su ne dokin: kullum a shirye suke su zabura, suna aika gulutamet zuwa laka, laka na isar da umarni da asetilkolin ga kulluttukan jijiya da ke gefen ƙashin baya, su kuma suna zuba noradirenalin a kan hanyoyin jini da zuciya. NTS shi ne zauren da manzanni ke sauka. In labari ya zo cewa matsi ya hau, zauren yakan tashi wasu ƙwayoyi da ke can ƙasa kaɗan, masu suna CVLM, su kuma su zuba sinadarin GABA a kan dokin, wato su ja linzami. A lokaci guda zauren yakan aika ta bagus a rage gudun zuciya. Wannan ne ya bayyana mutuwar ɓerayen Doba da Reis: an kashe mai riƙe da linzami, doki ya ci gudu. Shi ne kuma ya bayyana abin da ke faruwa duk sanda mutum ya tashi daga kwance. Jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki, miƙewar bangon karotid ta ragu, saƙo ya ragu, linzami ya sassauta, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara sauri. Jirin da dattijo ko mai ciwon sukari na shekaru kan ji in ya miƙe da sauri alama ce ta jinkirin wannan zagaye.

Magunguna sun riga bayani isowa

A 1962 wani masanin haɗa sinadarai a kamfanin Boehringer Ingelheim, Helmut Stähle, ya haɗa wani sinadari da nufin maganin toshewar hanci. An ɗiga wa wata sakatariya mai fama da mura, sai ta yi barci na kusan awa 24, jininta ya sauka, bugun zuciyarta ya ragu. Maganin shi ne kolonidin, wanda ya shiga kasuwa a 1966 a matsayin maganin hawan jini. Masu bincike a Turai sun nuna cewa ɗan abin da bai isa ya yi komai ba in an zuba shi a jinin jiki, yakan sauke matsi in an zuba shi a hanyar jinin da ke ciyar da tushen ƙwaƙwalwa. Ashe can yake aiki, yana kwantar da dokin. Haka ma metildofa, wanda aka soma amfani da shi a farkon shekarun 1960: ƙwaƙwalwa ce ke juya shi zuwa wani sinadari mai kama da noradirenalin, wanda ke rage umarnin da ke fita daga medula. Har yau yana cikin magungunan da aka fi ba masu juna biyu da jininsu ya hau, a ɗakunan awon ciki na Najeriya da Nijar da sauran duniya, saboda daɗewar da aka yi ana ganin amincinsa ga ɗan tayi. Kasala da barcin da mata kan yi kuka da su bayan shan sa shaida ce ta inda yake aiki. Kolonidin kuwa in aka daina shi farat ɗaya, jini na iya hawa fiye da da, kamar dokin da aka daɗe da ɗaurewa aka kwance.

Me ya sa jini ke hawa duk da linzami?

Tambaya ce da ta zama dole. A 1956 James McCubbin da abokan aikinsa a Cleveland sun nuna cewa a jikin karnuka masu hawan jini, manzannin wuya sukan saba da sabon matsin, su riƙa kai rahotonsa kamar shi ne daidai. A 1973 Cowley da Liard da Guyton sun yanke jijiyoyin manzannin a jikin karnuka, suka auna matsi dare da rana. Ya riƙa tashi da faɗuwa ba tsari, amma matsakaicinsa bai sauya sosai ba. Arthur Guyton ya kafa hujja da wannan cewa linzami na gyaran daƙiƙoƙi da mintuna ne, matsin watanni da shekaru kuwa ƙoda ce ke tsayar da shi ta hanyar gishiri da ruwan da take riƙewa ko fitarwa.

Ra'ayin Guyton ya yi rinjaye, amma bai rufe magana ba. Murray Esler a Melbourne ya auna noradirenalin da ke malalowa daga ƙoda da zuciya, ya ga ya yi yawa a jikin masu hawan jini da dama. A 2004 Thomas Lohmeier ya nuna cewa motsa karotid ɗin karnuka da lantarki na kwanaki yana riƙe matsi a ƙasa. A Nuwamba 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urori biyu masu kashe jijiyoyin simfatetik da ke zuwa ƙoda ta cikin hanyar jini, wato tunanin Smithwick ya dawo ba tare da tsaga baya ba. Ƙoda da ƙwaƙwalwa dai suna jin maganar juna. A 2018 ma ɗakin gwajin Ardem Patapoutian, wanda ya sami Nobel a 2021, ya kawo hujja daga ɓeraye cewa wasu ƙofofi a fatar jijiya masu suna Piezo ne ke jin miƙewar da Hering ya gano.

Binciken McCubbin na ɗauke da darasin da ya fi shafar mai karatu. Saƙonnin karotid ba irin waɗanda mutum ke ji ko ya san da su ba ne. In kuma matsi ya daɗe a sama, manzannin sukan karɓe shi, har jiki ya shiga kare shi kamar nasa. Shi ya sa mutum zai yi shekaru jininsa na cin ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa, shi kuwa yana jin garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa manya kimanin biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Labarin da medula ba za ta ba mai ita ba, yana samuwa cikin minti biyu daga ɗamarar awo da ake naɗawa a dantse, wadda Riva-Rocci na Italiya ya fito da ita a 1896, Korotkoff na Rasha ya ƙara mata sauraron bugu a 1905.